Ina Hassanarki?

Katin awona yana nan har yau a cikin jakar da muke ajiye fasfo. Shuɗi ne, an jera ranaku a bayansa da jan biro, duk bayan mako biyu, kuma kowace ranar da na je akwai hatimin asibiti a gefenta. Guda biyu ne babu hatimi. Saboda waɗannan biyun na zauna nake wannan rubutu, don duk macen da aka ce mata tagwaye take ɗauke da su ta karanta, ita da mijinta da duk wani babba da ke da ta cewa a gidansu.

Sunana Rukayya, 'yar Gwammaja ce ni a Kano. Wata biyar bayan aurenmu maigidana ya kawo ni Dubai, inda yake aiki a wani ofishin kago a Al Buteen, su ne ke karɓar kayan 'yan kasuwarmu su auna su ɗaure su tura gida. Ɗaki ɗaya muke haya a wani fulat da aka raba uku a Deira, kicin ɗaya gare mu duka. Ɗakin da ke kallon namu na Anti Memuna ne, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin goge-goge a wani asibiti. Mace ce mai faɗa da tsafta, kowa "ka" take ce masa, namiji ko mace, kuma tun zuwana ta ɗauke ni kamar ƙanwarta ba tare da ta tambaye ni ko ina so ba.

A farkon shekarar 2014, cikina yana mako goma sha biyu, aka yi min hoton farko. Likitar, wata Ba'indiya mai furfura a goshi, ta ɗaga yatsu biyu tana murmushi. Sai kuma ta rage murmushin ta yi dogon bayani. Abin da na gane shi ne mabiyiya ɗaya yaran suke amfani da ita, wato kwano ɗaya suke ci, don haka daga mako na sha shida sai na riƙa zuwa duk bayan mako biyu, ba fashi. Ita da kanta ta rubuta ranakun. A raina na ce ka ji mutanen nan da neman magana, a Kano ai wata-wata ake awo, wasu ma sai naƙuda ke kai su, kuma tagwaye ba yau aka fara haifa ba.

Ban gaya wa Umma ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle mu zauna hirar ciki. Ƙanwata na gaya wa, ita ta kai labarin, kuma duk abin da ya biyo baya daga Umma shi ne, "Ki riƙa cin abinci." Mako na sha shida na je awo kamar yadda aka ce, aka gaya min duka mata ne, lafiyarsu ƙalau. Na dawo a Metro ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu.

A mako na sha takwas Gwaggo Talatu ta sauka. Ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu da mahaifiyarsa ta rasu, saboda haka ita ce uwa, ita ce suruka. Tana da shago a Kantin Kwari, kuma sau uku a shekara take zuwa sarin abaya da leshi da turare. Idan ta zo ni ce 'yar rakiya, don na san hanya, na iya ɗan Turanci da Larabcin ciniki. Ta san da cikin sarai, amma ba ta taɓa furta shi a gabana ba, ni ma ban taɓa ba. Sai dai duk shagon kayan jarirai da muka wuce sai ta tsaya ta ɗauki abu biyu iri ɗaya: hula biyu, safa biyu, farin shawul biyu. Wata rana mai shago ya ce kowane launi guda ɗaya ne ya rage, sai dai ta ɗauki ɗaya ja ɗaya ruwan ɗorawa. Ta ajiye masa kayansa.

"Ba a bambanta su," ta ce, tana kallon titi ba ni ba. "Ko allura kika saya wa ɗaya sai kin saya wa ɗayar. In suka ga bambanci fushi suke yi su koma."

Ranar awona ta faɗo daidai ranar da za mu je wajen teloli a Satwa. Tun da safe nake juya maganar a bakina. Ta yaya zan dubi Gwaggo in ce zan je awon ciki? Da wane bakin? Duk wadda aka yi wa tarbiyya irin tamu ta san nauyin da nake faɗa. Na zura abayata mai faɗi na bi ta Satwa, na ce a raina mako mai zuwa zan je. Mako mai zuwa kayanta suka maƙale, ta ƙara kwanaki, muka shiga zagayen shagunan turare. Ranar awon mako na ashirin ma haka ta zo ta wuce ina tsaye a bayanta riƙe da ledoji. Maigidana ya tambaye ni sau ɗaya ko na je, na ce masa an ɗage. Ƙarya na yi, kuma ya yarda.

A tsakanin nan ne cikin ya fara abin da ban gane ba. Siket ɗin da na sa ranar Asabar, ranar Laraba ya ƙi shiga. Fatar cikin ta yi tauri tana sheƙi, in na taɓa kamar ganga. Bayana ya riƙe. In na kwanta numfashi ya gagara, sai na jingina da filo uku. Motsi kuwa a gefen dama kawai nake ji, mai ƙarfi, ba hutawa, gefen hagu shiru. Ƙawayen Gwaggo da ke sauka a otal ɗaya da ita suka riƙa tsokanata: "Tubarkalla! Amarya, wannan ai 'yan uku ne, likitan bai iya ƙirga ba." Ni kuma in sunkuyar da kai in yi 'yar dariya, alhali ji nake kamar zan fashe. Ko sau ɗaya ban ce wa Gwaggo na gaji ba. Ina alfahari da hakan ma a lokacin, wai ni mai kunya.

Anti Memuna ce ta kama ni. Ranar hutunta ta shigo kicin ta same ni zaune a kan bokiti ina haki, shinkafa tana ƙonewa. Ta sa hannu ta danna cikin.

"Wannan ba girman ciki ne ba," ta ce. "Ya yi tauri paa. Yaushe ka je asibiti?"

Na ce kwanan nan.

"Kawo katin in gani."

Ta duba bayansa, ta dube ni, ta kashe gas. "Yalla, sa mayafi. In ka ce min kunya zan mare ka."

Awa uku muka yi a layi. An ba mu lamba a takarda, muna zaune cikin matan duniya, 'yan Pakistan da Filifin da Habasha, kowa tana kallon allo. Da aka kira ni, mai ɗaukar hoton ta fara da hira, sai ta fita ta kira likitar nan mai furfura. Likitar ta daɗe tana yawo da abin a kan cikina. Daga nan ta ɗauki takarda ta zana da'ira, ta zana yara biyu, ta ja layuka tsakaninsu. Kalmominta sun zauna min har yau: "One is giving, one is taking." Anti Memuna ta fassara min sauran. A cikin mabiyiyar da suke rabawa akwai jijiyoyin da suka haɗe, jinin ɗaya yana tsiyaya zuwa ga ɗayar. Mai karɓa jini ya yi mata yawa, zuciyarta ta fara wahala, tana ta fitsari, shi ne ruwan da ya cika min ciki. Mai bayarwa kuwa ta ƙanƙance, ruwanta ya ƙafe, jakarta ta manne mata kamar leda, an matse ta a gefen hagu ko juyi ba ta iya yi. In aka bar su haka, da wuya ko ɗaya ta rayu.

Sai likitar ta juya katina ta ɗora yatsa a kan ranakun nan biyu. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta ce akwai aikin da ake yi, ba tare da an farka ciki ba. Ana huda 'yar ƙaramar kafa, a zura wani siririn ƙarfe mai ido har cikin mahaifa, a nemo jijiyoyin da suka haɗa su a toshe su da wuta mai suna leza, kowace ta koma shan nata jinin. A wani asibitin ake yi, kuma likitan da ya iya ba kullum yake gari ba. Yana nan har ranar Alhamis, in ya tafi sai bayan kwana takwas. Ranar Litinin ce. Ta ce, "Kada ku wuce Alhamis."

Da la'asar muka taru a ɗakin Gwaggo na otal, tsakanin ƙullin abayoyi da kwalayen turare. Maigidana ya tsuguna ya yi mata bayani. Tun kafin ya gama ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Nasiru. A huda cikin? A zura ƙarfe a kan 'ya'yan da ko ƙashinsu bai yi ƙwari ba, a kunna musu wuta?"

"Gwaggo, ba su za a ƙona ba. Jijiyar da ta haɗa su ce za a raba."

"A raba su! A ina ka taɓa jin an raba tagwaye tun a ciki? Allah ya haɗa su, wani kafiri ko Balarabe ya zo da ƙarfe ya raba? Kakarka ta haifi tagwaye a ɗaki, cikinta ya fi wannan. Mutanen garin nan in ba su yanka ba ba sa jin sun yi aiki. Khalas, ka nema mata tikiti in tafi da ita gida."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa mata ba tun yana yaro, kuma ranar ma bai fara ba. Amma kada in ɗora masa shi kaɗai. Ni ce na ga hoton. Ni ce na ji shirun da ke gefen hagu. Ina zaune a bakin gado, maganar tana nan a maƙogwarona, na ja mayafi na rufe fuska. Wannan shirun nawa shi ne abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Talata ta wuce ana cewa a yi istihara. Laraba aka gano inshorar maigidana ba ta ɗauki irin wannan aikin ba, abin ya ƙara wa masu cewa a jira ƙarfi. Gwaggo ta jiƙa min dabino a ruwan zamzam, ta shafa min man habbatus sauda, ta yi ta tofa addu'a da zuciya ɗaya, ban taɓa shakkar wannan ba. Kamfanin jirgi kuma suka ce mai ciki irin nawa sai da takardar likita, likita ta ce ba za ta sa hannu ba. Alhamis ta zo ta wuce muna nan.

Anti Memuna ta daina yi mana magana a kicin kwana biyu. A na uku ta sa kayan fitarta ta tafi otal ɗin da kanta. Ban san duk abin da suka faɗa wa juna ba, na dai ji daga baya cewa ta ce wa Gwaggo, "Hajiya, ba na ce ka yarda ba. Zo ka gani da idonka kawai, in ka gani ka ce a'a, khalas, na cire bakina." Washegari Gwaggo ta biyo mu asibiti, fuska a murtuke, carbi a hannu.

Aka kashe fitila aka kunna allon. Ga babbar tana wuntsilawa cikin ruwa kamar kifi. Likitar ta gangara da abin can gefe, ta nuna ƙaramar, a dunƙule, hannuwa a manne da ƙirji, zuciyarta kawai ke motsi. Gwaggo ta matso har mayafinta yana taɓa allon.

"Wannan me ya hana ta motsi?"

Anti Memuna ta ce, "Ba shi da ruwa, Hajiya. Duk jininsa yana ba ɗan'uwan."

"Ita wannan tana ba wa waccan?"

"Tun makonni."

Gwaggo ta daɗe a tsaye. Carbin ya daina tafiya. Da ta yi magana muryarta ta canza, kamar ba tata ba.

"Ashe an riga an bambanta su," ta ce. "Ni ina can ina sayen hula iri ɗaya." Ta juya ga maigidana. "Nasiru, a raba musu. Kowa ta ci nata."

A ranar ta soke rabin sarin da ta yi, ta cire awarwaron hannunta ta ba shi ya kai kasuwar gwal a biya kuɗin aikin. Ba ta sake tayar da zancen ba har yau, ni ma ban san yadda zan gode mata ba. Sai dai likitan ya riga ya tafi. Kwana huɗu muka ƙara jira, ni a gadon asibiti a jingine, ina ƙirga motsin dama ina roƙon na hagu.

An yi aikin ina mako na ashirin da uku, da hantsi. Ba a sa ni barci ba, allura aka yi min a gefen ciki wajen ya mutu. Likitan dogo ne mai sanƙo, ba ya yawan magana. Kafar da ya huda ba ta fi kaurin fensir ba. Akwai allo a saitin kaina, wata nas Basudaniya ta riƙe min hannu tana cewa, "Shwaiya shwaiya, habibti, kar ki motsa." Na ɗauka zan rufe ido, amma na kasa. Na ga cikin cikina, ruwa ja-ja mai haske, na ga jijiyoyi shimfiɗe kamar saiwar bishiya. Likitan yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ɗan haske ya sauka, jijiyar ta yi fari, ya ƙirga da ƙarfi ya wuce ta gaba. Can wata ƙafa ta gifta ta gaban idon ƙarfen, har ya yi 'yar dariya ya ce wannan ba ta son baƙi. Da ya karkata gefe sai na ga hannun ƙaramar ta bayan jakarta, yatsu biyar cif, da farce. Sau ɗaya ke nan da na ga 'yata tana da rai, kuma na gode wa Allah da wanda ya ƙera wannan ƙarfen da ya nuna min ita.

Kafin su cire ƙarfen suka zuƙe ruwan da ya yi yawa, kwalba bayan kwalba. Na ja numfashi har ƙasan huhuna, karo na farko cikin wata guda. Filasta ɗaya suka manna min. Da Gwaggo ta shigo ta ɗaga zanin ta gani, sai ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne duk aikin?" Ta zauna a kujera ta rufe fuska da mayafi.

Washegari zuciya biyu suna bugawa. Rana ta biyu ma haka, har aka ce an fara ganin ɗan ruwa a wajen ƙaramar. Maigidana ya raba dabino a ofishinsu. Rana ta uku da safe aka shigo da na'urar, likitan ya duba dama, ya duba hagu, ya daɗe a hagu. Ya ajiye abin ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, tun daga nan na sani. Ƙaramar, mai bayarwar, ta tafi. Ya ce ta riga ta galabaita kafin a kai gare ta. Ya ce da ta rasu kafin aikin, da jijiyoyin nan sun jawo 'yar'uwarta ta bi ta, ko su lalata mata ƙwaƙwalwa, amma yanzu an rufe hanyar. Na tambaye shi da guntun Turancina, in da mun zo ranar Alhamis ɗin fa? In da na zo awon da na tsallake fa? Ya dube ni ya ce, "I cannot tell you that." Ba zai iya gaya min ba. Da ya ce eh, da na san abin da zan yi kuka a kai. Da ya ce a'a, da na huta. Ya bar ni a tsakiya, kuma a nan nake har yau.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne ba za a cire ta ba. In aka taɓa mahaifar, mai ran ma za ta fito, kuma lokacinta bai yi ba. Haka na koma gida ɗauke da su biyun, mai rai a dama, marar rai a hagu, mako goma. Waya ta yi ta shigowa daga Kano. Wannan ta ce gawar za ta ruɓe ta kashe ni, waccan ta ce a nemi saiwar kaza a jiƙa, wata ma cewa ta yi ƙarfen ne ya kashe ta, dama an faɗa. Likita ta ce babu abin da zai same ni, kuma babu abin da ya same ni, sai dai na daina ɗaga waya. Ta Umma kawai na ɗaga. Ta yi sallama, sai na ji ta ce, "Rukayya." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Me ya sa ba ki gaya min cikin ya yi tauri ba?" Na ce, "Umma, ta yaya?" Sai ta ce, "Haka ne. Mu muka koya miki."

Gwaggo ba ta koma ba. Ta sabunta biza, ta bar wa ƙanwarta shago, ta bar otal ta shimfiɗa katifa a ƙasan ɗakinmu, maigidana ya koma kwana wajen abokan aikinsa. An hana ni aiki, an hana ni hawa bene. Ita ke dama min kunu, ita ke wanke min kaya, ita ke riƙe ni zuwa banɗaki, matar da ke da ma'aikata a Kantin Kwari. Duk ranar awo tun asuba take shiryawa, katin yana cikin jakarta, ita ke karɓo lamba. Zan faɗi gaskiya tunda don gaskiya nake rubutun: akwai ranakun da ko takunta ba na son ji. Tana matsa min ƙafafu da suka kumbura, ni ina kallon bango ina ƙirga kwanakin nan takwas. Ita ma ta sani. Ba ta taɓa cewa in yafe mata ba, ni ma ban taɓa cewa na yafe ba, don ban san wa zai yafe wa wa ba. Ita ta hana ranar Litinin, amma ni na ɓoye wata guda kafin nan.

A mako na talatin da uku, cikin azumi, faya ta fashe da safe ina shan kunu. Wannan karon yanka aka yi sosai. Marigayiyar ce a ƙasa, ita aka fara cirowa, sannan 'yar'uwarta, wadda ta fito da ɗan kuka kamar na mage aka wuce da ita kwalba. Ban ga ta farkon ba, sun ce gara kada in gani, na yarda, wani lokacin kuma ina da-na-sanin yardar. Gwaggo ce ta karɓe ta. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗaya daga cikin fararen shawul ɗin nan biyu ta naɗe ta a ciki, ɗayan kuma ta ba nas ta ce a shimfiɗa wa ta kwalba. Maigidana da mutanen ofishinsu suka kai ta maƙabartar da ke wajen Muhaisnah.

Ana gobe suna maigidana da Gwaggo suka zo gefen gadona. Maigidana ya ce yana so a sa wa yarinyar sunan Gwaggo. Gwaggo ta ce a'a, a sa mata Fatima ko Amina, kowane suna dai ban da na tagwaye.

"In kuka ce Husaina," ta ce, "duk wanda ya ji sai ya tambayi ɗayar. Har ta tsufa ana tambaya. Ku rufe maganar nan, ku huta."

Maigidana ya gyaɗa kai. Na ji hannuna ya kama bakin mayafi zai ja, kamar yadda ya saba. Na sake shi.

"Gwaggo, Husaina ce," na ce. "Ta zo ta biyu. Wadda ta riga ta fitowa ta ba ta jininta wata da watanni, ba za a yi kamar ba a yi ta ba. Su tambaya. Ina so su tambaya."

Ban taɓa haɗa ido da Gwaggo ba sai ranar. Ita ta fara kawar da kai, ta ce, "Allah ya raya Husaina."

Kwana ashirin da uku ta yi a kwalba. Yanzu tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, tana tafiya tana fasa min kofuna, an duba zuciyarta da kanta an ce lafiya. Na gode wa likitar nan mai furfura da ta rubuta ranakun, da dogon likitan da ya ƙi yi min ƙaryar da za ta sanyaya min rai, da Anti Memuna da ta yi alkawarin marina. Ƙorafina a kan asibiti ɗaya ne: aikin da rai biyu suka rataya a kansa bai kamata ya jira mutum ɗaya ya dawo daga tafiya ba. Sauran ƙorafin namu ne. In an ce miki mabiyiya ɗaya ce, ki je duk ranar da aka rubuta, ko da wa ya sauka a garin. In ciki ya kumbura cikin 'yan kwanaki ya yi tauri, in motsi ya koma gefe ɗaya, ba albarka ba ce ta yi yawa, ki tafi a ranar. In babba ya ƙi, kada a tsaya gardama a ɗaki, a kai shi gaban allon.

Makon jiya na kai wa maigidana abinci ofis, Husaina a bayana. Akwai wata Hajiya daga Kano tana jiran a auna mata kaya, a bayanta wata yarinya matashiya riƙe da ledoji, cikin abaya mai faɗi da ta kasa ɓoye cikinta, tana jingina da bango tana sauya ƙafa. Hajiyar ta yi wa Husaina wasa ta tambayi sunanta. Da na faɗa sai ta washe baki ta leƙa bayana.

"Husaina! To ina Hassanarki?"

"Tana Muhaisnah, Hajiya," na ce. "A maƙabarta."

Ta fara salati tana ba ni haƙuri. Na amsa, sannan na wuce ta na tsaya a gaban yarinyar, wadda ta riga ta sunkuyar da kai tana jan mayafi. A gaban surukarta, a gaban maza, da muryar da kowa zai ji, na ce mata, "Ƙanwata, yaushe ne ranar awonki?"